Kitoro Gani, Sarkin Busa Da Aka Tuɓe Sau Biyu

Duk wanda ya tashi a Yawuri ko Ngaski ko Shanga ya san sunan Busa, ko da bai taɓa taka ƙafarsa can ba. Ruwa ɗaya muke sha da su. In ka hau jirgi a Zamare ka tsallaka zuwa Rofiya, to ka shiga ƙasar Borgu ke nan. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa an yi wani lokaci, shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, da Turawa suka ɗauki Busa ɗungurungum suka sa ta ƙarƙashin Sarkin Yawuri, har aka zubar da jini a kan haka. Mutumin da ke tsakiyar wannan rigima shi ne Kitoro Gani, Sarkin Busa. Ya hau gadon sarauta sau biyu, an tuɓe shi sau biyu, kuma duk lokacin da ya hau ko ya sauka sai labarinsa a takardun hukuma ya sake kama. Wannan ne ya sa na zaɓi in kawo tarihinsa a mujallarmu ta bana.

Ƙasar da ya gada

Tsohuwar Busa tana bakin Kogin Kwara ne, kusa da duwatsun da ruwa ke gudu da ƙarfi a tsakaninsu. A nan ne jirgin Baturen nan Mungo Park ya gamu da ajalinsa, bayan ya wuce ta Yawuri inda ya rabu da ɗan jagoransa. Clapperton ya zo garin a 1826, 'yan'uwan nan biyu masu suna Lander kuma suka zo a 1830, suka ziyarci Busa da Yawuri duka. Ka ga ke nan ba ƙauyen da ba a sani ba ne.

Sarakunan Borgu suna danganta asalinsu da Kisra, kuma manyan gidajen sarautarsu uku ne: Busa da Nikki da Illo. Busa ce ake ba girman uwa a cikinsu. Abin alfaharinsu kuwa shi ne jihadin ƙarni na 19 bai ci ƙasarsu ba. Sarautar tasu ma ba irin ta Kano ko Katsina ba ce, inda sarki ke da hakimai da dagatai da masu unguwanni, umarni ya taso daga sama ya gangara har ƙasa. Sarkin Busa babba ne a cikin 'ya'yan sarakuna masu yawa, kowanne da garinsa da mutanensa da bakansa. Ana kawo masa gaisuwa, shi kuma yana rabawa, musamman lokacin bikin Gani. Ƙarfinsa yana cikin girman gidansa da buɗaɗɗen hannunsa. A riƙe wannan batu da kyau, domin shi ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya.

Kitoro Gani ɗan Sarki Dantoro ne, wanda ya mulki Busa daga 1862 zuwa 1895. Yana saurayi ya ga yadda Ingila da Faransa suka yi rige-rige a kan ƙasar kakanninsa. A 1894 Lugga ya yi tsere da Faransawa zuwa Nikki don neman yarjejeniya. A 1897 sojojin Faransa suka zauna a cikin Busa kanta. A watan Yuni na 1898 ƙasashen biyu suka sasanta a Turai, aka ja layi aka raba Borgu biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, a ƙasar da ake kira Dahome a lokacin, Jamhuriyar Benin a yau, Busa da Kayama suka faɗa hannun Ingila. Ba wanda ya tambayi masu ƙasa.

Hawansa na farko

Da Sarki Kisan Dogo ya rasu a 1903, Kitoro Gani ya gaje shi, Turawa kuma suka amince. Wannan shi ne shafi na farko na tarihinsa a wurin hukuma: ɗan gida, wanda ya cancanta, an ba shi sanda.

Sai dai ƙasar da ya hau tana ta raguwa a hannunsa. Turawa sun ɗaga Sarkin Kayama, wanda a da yake ƙasa da na Busa a girma, suka mai da shi sarki mai cin gashin kansa. Suka yanke Illo suka haɗa ta da Gwandu. A 1907 aka rushe Lardin Borgu aka narkar da shi cikin Lardin Kwantagora, sai ya zama daga Yalwa ake duba al'amuran Busa. Bayan wannan kuma ga haraji na kuɗi da ake so ya tara kowace shekara, ga ɗiban mutane zuwa aikin hanya da na dogo. Talakan da abin ya isa, ba ya wata doguwar shawara, tattara komatsansa yake ya tsallaka iyaka, tunda 'yan'uwansa ne a wancan gefen.

Abin da Turawa suke so shi ne tsarin En'e irin wanda suka gani yana tafiya a manyan masarautun Hausa: sarki ɗaya mai iko, gundumomi da hakimai masu albashi, Baitulmali, littafin haraji. Suka ɗauko wannan riga suka ce lalle sai Busa ta sa. Da ta ƙi shiga, maimakon a ce tela ne bai auna ba, sai aka ce jikin ne ba daidai ba. Rahotannin Di'o suka fara bayyana Kitoro Gani a matsayin rago, mashayi, wanda ba ya iya tara haraji, ba ya kuma iya tanƙwara 'yan'uwansa.

Ba ina cewa waliyyi ne ba. Zancen shan giya ya bi shi a rahotanni daban-daban, ba kuma bakin mutum ɗaya ba. Amma mai karatu ya lura da wani abu: wanda ke rubuta rahoton shi ne wanda za a tambaya in haraji bai cika ba. Di'o yana da Razdan a kansa, Razdan yana da Gwamna. In tsarin da ka kawo ya ƙi aiki, hanya biyu gare ka, ko dai ka rubuta cewa tsarinka ne bai dace ba, ko ka rubuta cewa sarkin ne ba ya da amfani. Kowa ya san wadda ta fi sauƙi ga mai neman ƙarin girma.

Shekarar 1915

A wannan shekara ce Di'on da ke Yalwa, mai suna Clarke, da Hamilton-Browne da ke riƙe da Lardin Kwantagora suka aiwatar da gyaran da suka daɗe suna shiryawa. A Yawuri aka tuɓe Sarki Jibrilu ɗan Abdullahi Abarshi, aka ɗora wani Bafillace mai suna Aliyu, wanda ba ɗan gidan sarautar Yawuri ba ne, amma Turawa suna yaba ƙwazonsa wajen aiki. A Busa aka tuɓe Kitoro Gani aka fitar da shi daga garin. Aka mai da Busa gunduma ƙarƙashin sabon Sarkin Yawuri, aka naɗa wani Turaki, wanda asalinsa bawan gidan sarauta ne, ya zama hakiminta.

Ku duba wannan abu da idon mutumin Busa na wancan zamani. An cire jinin Kisra. An ɗora bawan gida a kan 'ya'yan gida. Sannan an ce su riƙa kai gaisuwa Yawuri, garin da ba su taɓa bi ba, wurin sarkin da shi kansa baƙo ne a gadon da yake kai. Wallahi ko da gangan aka so tsokanar faɗa, da wuya a shirya abin da ya fi wannan.

A watan Yuni na 1915 wani ɗan sarki mai suna Sabukki, ɗan'uwan Kitoro Gani, ya tara mutane wajen 600 da baka da kibiya suka faɗa wa Busa. Suka kashe kusan rabin ma'aikatan sabuwar En'e, sauran suka ranta a na kare. Lokacin kuwa ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, yawancin sojojin Ingila na Nijeriya suna Kamaru suna fafatawa da Jamusawa. Duk da haka aka samo 'yar runduna aka turo, ta sake kama garin. Sabukki ya tsallaka ƙasar Faransa.

An murƙushe tawayen, amma ƙasa ba ta kwanta ba. A 1917 Turawa da kansu suka warware abin da suka ƙulla: aka cire Busa daga ƙarƙashin Yawuri, aka naɗa Kijibrim, shi ma ɗan'uwan Kitoro Gani, ya zama Sarkin Busa. Wato an yarda cewa sai ɗan gida, amma ba a yarda a ce an zalunci wanda aka cire ba. Tarihinsa na hukuma ya tsaya a inda aka ajiye shi: tuɓaɓɓen sarki, mashayi, wanda ya gaza.

Akwai wani ɗan bayani da ya ja hankalina a nan. A 1920 gwamnati ta buga littafin tarihin Lardin Kwantagora, irin waɗanda aka yi wa kowane lardi don amfanin sababbin ma'aikata. Wani Bature E. C. Duff ne ya tattara shi, wanda ya duba ya gyara kuwa shi ne Hamilton-Browne. Mutumin da aka yi tuɓewar a ƙarƙashinsa, shi ne aka ba alƙalamin gyara tarihin lardin. Hausawa dai sun ce mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. A nan kuwa mai shari'ar ne ya zama marubucin labarin shari'ar.

Yadda ƙaya ta juya

A 1923 abubuwa biyu suka faru. Na farko, a Yawuri aka tuɓe Aliyu, mutumin da aka kawo saboda ƙwazo, bisa laifin da ya shafi kuɗin hukuma. Aka ɗora Abdullahi ɗan Jibrilu, wato ɗan sarkin da aka cire a 1915, kuma ya yi mulki har 1955. Shekara takwas kacal tsakanin yabon Aliyu da zarginsa, kuma ofis ɗaya ne ya rubuta duka biyun.

Na biyu, aka ɗauke Borgu daga Lardin Kwantagora aka mai da ita Lardin Ilori. Wannan ƙaramin canji a taswira shi ya sake wa Kitoro Gani rayuwa. Turawan Ilori ba su da hannu a aikin 1915, saboda haka ba su da abin karewa. Suka buɗe fayil da sabon ido, suka saurari mutanen ƙasa, suka ga cewa zuciyar jama'a tana wurin tsohon sarki. A 1924 aka sauke Kijibrim aka mai da Kitoro Gani gadonsa, bayan shekara tara.

To, me ya canza a jikin mutumin? Shi ne dai na jiya, da halinsa da shekarunsa, sai ma tsufa da ya ƙaru. Abin da ya canza shi ne teburin da fayil ɗinsa yake kai. Wanda aka rubuta a 1915 cewa bai iya mulki ba, a 1924 ya zama shi ne maganin rikicin ƙasar. Da Razdan na Ilori, Hermon-Hodge, ya fitar da littafin tarihin lardinsa a 1929, Kitoro Gani yana kan gado, sarki mai sanda. Littattafai biyu na gwamnati ɗaya, tsakaninsu shekara tara: lokacin na farko korarre ne, lokacin na biyu mai martaba.

Faɗuwa ta biyu

Da labarin ya ƙare a nan da ya yi daɗin faɗa, irin tatsuniyar da gaskiya ke yin halinta. Amma bai ƙare ba. A 1935 aka gano ɓatan kuɗi a Baitulmalin Busa, binciken ya taɓa sarki, aka sake tuɓe shi aka fitar da shi daga ƙasar. Bai sake komawa gadon ba.

Nan ma ba zan wanke shi ba. Kuɗin haraji gumin talaka ne, na masunci da manomi da mai kiwo, kuma wanda aka ba amanarsu ya taɓa ya yi laifi, ko sarki ne ko malamin haraji. Abin da nake so mu gani shi ne ramin da aka gina masa tun farko. Al'adar gidansu ta ce sarki shi ne mai bayarwa: baƙo ya zo a ba shi, ɗan'uwa ya zo a ba shi, makaɗi ya zo a ba shi, ranar Gani a raba riguna. Tsarin Turawa kuma ya ce sarki ma'aikaci ne mai albashi, kowane sule a rubuce. In ya bi na farko ya zama ɓarawo a wurin Di'o, in ya bi na biyu ya zama marowaci a wurin jama'arsa, marowaci kuwa ba ya riƙe Borgu. Sarakuna da dama sun iya tafiya a kan wannan siraɗi. Shi bai iya ba.

Abin da faɗuwa ta biyu ta yi wa tarihinsa shi ne ta koma baya ta halatta ta farko. Duk wanda ya buɗe fayil bayan 1935 zai ce ashe dai masu cire shi a 1915 sun yi gaskiya. Alhali abubuwa biyu ne daban. Laifin 1935 bai mai da haɗa Busa da Yawuri dabara ba, bai kuma dawo da waɗanda suka mutu a 1915 ba. Haka gyaran tarihi yake aiki: ana ɗaukar ranar ƙarshe ta mutum a shafa ta a kan dukan shekarunsa, har a manta cewa akwai wasu masu laifi a cikin labarin.

Bayan ruwa ya ci gari

An gina madatsar ruwa ta Kainji tsakanin 1964 da 1968. Da tafkin ya cika, tsohuwar Busa ta nutse, da fadar da Kitoro Gani ya zauna da fagen da aka yi faɗan 1915. Aka tashi mutane fiye da 40,000 daga garuruwansu, ciki har da Gungawanmu na tsibiran Yawuri, aka gina Sabuwar Busa. Da a ce takardun Di'o ne kaɗai suka rage, da shi ke nan, an rufe littafinsa da sunan mashayi mai cin amana.

Sai a 1973 wani masanin tarihi, Michael Crowder, wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'o'in Nijeriya, ya fitar da littafi mai suna Revolt in Bussa, wato tawayen Busa, wanda ya bi tarihin mulkin En'e a Borgu daga 1902 zuwa 1935. Ya karanta fayilolin Turawan, ya kuma zauna da dattawan da suka ga abin da idonsu. Ya sa rahoto kusa da rahoto, sai ga shi masu rubutun suna saɓa wa juna. Bai ɓoye raunin Kitoro Gani ba, amma ya nuna cewa babban abin da ya haddasa fitinar shi ne jahilcin masu mulkin game da ƙasar da suke mulka. Wannan shi ne karo na farko da aka juya fitila ta haska masu riƙe da alƙalamin.

A yau kuma sunan Kitoro ya dawo da girmansa a Borgu. Marigayi Sarkin Borgu Haliru Dantoro, wanda ya rasu a 2015, ya yi sarauta da laƙabin Kitoro na Uku, magajinsa kuma Kitoro na Huɗu. Sunan gida ne tun kafin Kitoro Gani, kuma tuɓewa biyu ba su sa gidan ya yar da shi ba.

Abin da ya shafe mu

Wannan hali ba na Turawan mulkin mallaka kaɗai ba ne. A Tarayyar Sobiyat, da aka kama Beria, shugaban 'yan sandan ciki, aka kashe shi a 1953, sai masu buga babban kundin ilmin ƙasar suka aika wa masu saye da sababbin shafuka, aka umarce su su yanke shafin tarihinsa su liƙa bayani a kan Tekun Bering a gurbinsa. A nan gida, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya ya kai matsayin riƙe kujerar Gwamnan Jihar Arewa na ɗan lokaci, amma bayan binciken Muffett a kan kuɗin En'en Kano ya sauka a 1963 aka kai shi Azare, kuma har yau labarin da za ka ji a kansa ya danganta da wanda ka tambaya. Mu kanmu mun sha gani: ranar bikin naɗi a raba ɗan littafi mai sheƙi cike da yabo, bayan shekara biyu a sauke mutum, a cire hotonsa daga bango, waɗanda suka rubuta yabon su ne kan gaba wajen cewa dama sun san za a rina.

Dalilin da ya sa na ga abin ya dame mu shi ne, yawancinmu da ke shirin karɓar difloma ofis za mu shiga. Wani akawu, wani mai binciken kuɗi, wani sakataren ƙaramar hukuma, wata mai ajiye fayil. Kujerar Clarke ce za mu zauna a kai, ko da ƙarama ce. Wata rana za a ce ka rubuta rahoto a kan wanda tauraronsa ya dushe, kuma za ka san abin da maigidanka yake so ya karanta. Roƙona shi ne ka rubuta abin da ya faru da ranar da ya faru. In mutum ya ci kuɗi a bana, ka rubuta ya ci a bana, kada ka koma ka goge rijiyar da ya gina bara. In kuma yana kan mulki, kada ka ba shi abin da bai yi ba, don wanda ya cika yabo ranar hawa shi ne ke cika zagi ranar sauka.

In kana karanta tarihin wani kuma, ka tambayi abu uku kafin ka gaskata: wa ya rubuta, a wace shekara, kuma mutumin yana sama ne ko yana ƙasa a lokacin. Da waɗannan tambayoyi kaɗai za ka raba tsaki da tsakuwa a yawancin abin da ake bugawa.

Sannan mu riƙa rubuta namu. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya yi bincikensa na digiri na biyu a kan Yawuri ta ƙarni na 19, daga baya ya fitar da littafinsa a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma a 1978, har ya shugabanci Jami'ar Sakkwato. Daga bakin wannan ruwan namu ya fito. Dattawan da suka ga tashin garuruwa a 1968 suna nan da sauransu a Yalwa da Wara da ƙauyukan bakin tafki, amma kullum raguwa suke. Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya a aljihunsa. Hutun nan mai zuwa, a samu tsoho ko tsohuwa a zauna da su, a tambaye su sunan garin da ruwa ya ci, da wanda ya yi sarauta, da yadda aka yi aka cire shi. Abin da ba mu ajiye da kanmu ba, wani zai rubuta mana shi yadda ya ga dama.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma Ya sa mu gama da duniya lafiya.